Ranar da Aka Naɗa Ni Maraƙi

Wani mafarki na yi jiya da dare, kuma tun da na ajiye aikin gwamnati ban samu girma irin wanda na samu a cikinsa ba. Kai, ko lokacin da nake aikin ma ban samu ba.

Amma bari in fara gaya muku halin da na kwanta a ciki. Mahaifiyata tana gidana a Kaduna. Ciwon ƙafa da hawan jini suka kawo ta, likita kuma ya ce ta zauna kusa da asibiti sai ranar da ya sallame ta. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. In ina gabanta, “wannan” nake. In ba na nan, “mai gidan nan”. Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba. A gidan kakannina na tashi, cikin ’ya’yan kawunnaina, na ji suna ce mata Gwaggo, na bi sahu. Ƙannena duk Inna suke ce mata. Har matata Uwani, da aka auro daga wani gari, Inna take ce mata. Ni da aka fara haifa, Gwaggo. Haka muke, kuma ba wanda ya taɓa kai ƙara.

Tsohuwar nan abu ɗaya ta sani da safe: madarar shanu, a tafasa, a ba ta da ɗuminta. In ba ta sha ba, ba ta cin komai. In ba ta ci ba, ba ta shan magani. Da can wata Bafulatana ce, Dudu, take kawo mana, sai aka yanka filin rugarsu aka yi filotai, suka tashi. Muka koma ta kwalba wadda ake sa wa a firij a manyan kantuna. Gwaggo ta karɓe ta da ƙyar, kamar yadda ake karɓar surukin da ba a so. To, ita ma yanzu ta ɓace. Na zagaye kantunan garin nan, ƙanana da manya, har irin waɗanda ake tura keken kaya a cikinsu. Firij yana ta gurnani, cikinsa wayam. Duk inda na shiga amsa ɗaya ce: “Ba a kawo ba, Alhaji.” Ni ba Alhaji ba ne, amma ban gyara musu ba. A ce mutum ya fito ba madara, kuma ba Alhaji, abin zai yi yawa.

Uwani ta dama mata ta gari. Ta kurɓa, ta ajiye, ta ce, “Alli da ruwa.” Jiya da la’asar ta haɗa kayanta a jaka, ta ce wa Uwani, ina tsaye a wurin, “Ki gaya wa mai gidan nan gobe zan koma wajen Sallau.”

Sallau autanmu ne. Yana ƙauye. Yana da shanu, ba shi da likita, kuma yana da wata dariya da ba na so.

Da wannan na kwanta.

Sai ga ni tsaye a bakin wani babban kanti, rana tsaka, da ƙwarya a hannu. Ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake fitowa ya yi sama, don haka kowa hularsa a bushe, wandonsa sharkaf. Masu lema sun kifa ta a ƙasa sun tsaya a ciki. Ban yi mamaki ba. Na dai naɗe ƙafar wandona, wanda hakan ya ba ruwan hanya.

A ciki firij-firij ne a jere har inda ido ya ƙare, babu komai a ko ɗaya. Mutane suna ta ciniki. Wata zabuwa ce a wajen biyan kuɗi, da tabarau a kan baki.

Na ce, “Madara nake nema.”

Ta ce, “Madara ta ƙare, Alhaji. Amma muna da wurin da take zama.”

Ta buɗe min wani firij, ta nuna min inda kwalabe suka saba tsayawa. “Wannan gurbin na yau ne, da safe aka kawo shi. Taɓa ka ji.”

Na sa hannu. Gaskiya sabo ne, ga sanyi. Mutumin da ke bayana ya ce a naɗe masa biyu, yana da baƙi.

Na ce, “Ni tsohuwa ce za ta sha.”

Zabuwar ta gyara tabarau. Ta ce, “Tsakani da Allah, tsofaffi ba su cika son sa ba.” Sai ta nuna min taga da baki. Na leƙa. Ashe tunda ruwa sama yake zuwa, ciyawa ma can ta koma. Gajimare duk ya yi kore shar, yana reto a kan gari, ƙasa kuwa kamar an share.

Ta ce, “Ka je Ma’aikatar Madara. Ka shiga ta ƙofar fita, ita ce a buɗe.”

Da na fito, sai na ga an kawo tashar mota an ajiye a tsallaken titi. Gwaggo tana zaune a kan benci, jakarta a gefe, ledar magungunanta a cinya. Ga wata bas ta ƙauye, Sallau ne kwandasta, yana dukan jikin motar.

“Ƙauye! Ƙauye! Saura mutum ɗaya!” Ya hango ni. “A’a, Yaya Lawandi! An samu?”

Na ce, “Ana kan magana.”

Ya yi dariyar nan.

Ma’aikatar Madara awaki ne ke tafiyar da ita. Na shiga ta ƙofar fita. Wata akuya a bakin ofis tana buga na’ura da ƙaho, ba ta ɗago ba ta ce oga yana taro. Na yi shekaru ina aiki, na san ma’anar wannan magana, don haka na tura ƙofa na shiga.

Babban Sakatare bunsuru ne. Tun kafin ka gan shi warinsa zai gaya maka matsayinsa. Yana tsaye a kan tebur, kujerarsa kuma tana ƙasa tana hutawa. Na durƙusa yadda ake durƙusa wa manya, gwiwa ɗaya ƙasa, ido a kan takalmi, ko da yake ba shi da takalmi.

“Ranka ya daɗe.”

Na yi masa bayani. Yana saurare yana cin bakin hulata, wanda a can alama ce ta an ba maganarka muhimmanci.

Ya ce, “Madara tana nan. Ba ta je ko’ina ba. Tana cikin shanu.”

“To, ranka ya daɗe, ciyawa ce?”

“Ciyawa mun shawo kanta. Ta koma sama, muka kai shanun bene. Matsalar maruƙa ce.” Ya haɗiye zaren hulata. “Kai ɗan birni ne, ba za ka sani ba. Saniya ba famfo ba ce. Ba ta sakin nono sai ta ji ɗanta ya kira ta. In babu maraƙi, ko wa zai tatsa, riƙe abinta take yi. Su kuwa maruƙan duk sun shigo gari, wasu acaɓa, wasu sayar da katin waya. Mun tallata gurbin a rediyo. Ba wanda ya nema.”

Ya sauko daga tebur, ya zagaya ni. Ya ce in buɗe baki, ya duba haƙorana. Ya ƙwanƙwasa tumbina da kofato, ya kasa kunne.

“Ka taɓa riƙe muƙami?”

“Muƙaddashin mataimakin darakta, ranka ya daɗe. Har na yi ritaya ba a tabbatar da ni ba.”

“To, yau an tabbatar da kai.”

Jama’a, ba muƙaddashi ba. Ba mataimaki ba. Cikakken maraƙi, na duk gari. Nan take aka yi naɗin. Aka sa min igiya a wuya da ’yar ƙararrawa, awaki suka jeru suna buga kofato a ƙasa. Wata tsohuwar akuya ta yi guɗa. Na tsaya ƙyam, ƙirji waje, ina kallon nesa kamar yadda na ga masu muƙami suna yi a hoto. Na ji ƙwalla ta taho, na mayar da ita. Bai dace maraƙi ya yi kuka tun kafin ya kama aiki ba.

Da na fito, sai ga Uwani a tsakiyar titi da dutsen guga, tana goge wata fatar maraƙi, motoci suna kauce mata.

Na ce, “An yi min muƙami.”

“Na ji a rediyo. Ɗaga hannu, Malam.”

Na ɗaga. Ta zura min fatar.

“Da mota aka ba ka?”

“Da igiya.”

“To madalla, ita ba ta shan mai.” Ta ja fatar ta nan, ta ja ta can, ta ƙi haɗuwa a ciki. “Wannan maraƙin dai ya ci tuwo. Tsuke.”

“A tsuke nake.”

Ta kama da fil ta bar sauran wa Allah. Ta ja baya ta dube ni, irin kallon da ta yi min ranar da na ɗinka kwat. Sannan ta rage murya. “Ka yi sauri. Inna ta sa ƙafa ɗaya a mota.”

Na ratsa gari ƙararrawata tana kaɗawa. Ban taɓa sanin mutanen da ke jiran madara suna da yawa haka ba. Masu fura sun jeru a bakin titi da dunƙulen furarsu a bushe, kamar masu sayar da duwatsu. Mata da kofuna, tsofaffi da kwanuka. Duk inda na gifta sai ka ji, “Ran maraƙi ya daɗe!” Ina ɗaga musu kofato. Mutumin da aka ba kujerar darakta a kaina, shi ma yana cikin layi da ɗan kofinsa na roba. Ya rusuna. Na amsa masa da kai kawai, ba don girman kai ba, fil ɗin ne ba ya son motsi.

Lif ɗin benen a kaikaice yake tafiya. Na shiga, ya yi gabas da ni, ya buɗe a saman rufi.

Ruga ce sosai. Ga bukkoki, ga hayaƙin kashin shanu, ga garke. Ciyawa tana reto daga gajimare, shanun sun ɗaga kai suna tsinka kamar masu cin mangwaro a bishiya. Hantsar kowacce ta cika ta yi tam, amma ko ɗigo babu a ƙasa.

Wata mata ta fito daga bukka tana ɗaura zane. Dudu ce, mai kawo mana madara a da.

Ta dube ni daga ƙararrawa zuwa takalmi. “Kai, Kaɗo! Kai ne maraƙin?”

“Ni ne. Cikakke.”

“Allah ya kyauta. Filotan da kuka yanka a rugarmu, ƙwarya nawa suke cikawa da safe?”

Na ce, “Ni ban samu ba. Lokacin da aka raba ina muƙaddashi.”

Ta kama igiyata ta ja ni zuwa dangwali, doguwar igiyar nan mai zarge-zarge da ake ɗaure maruƙa a jere. Duk zargen babu kowa. Na zaɓi na farko, saboda girma. Ta ɗaure ni, ta je ta dawo, ta kwance ni, domin a cewarta ba a sakin maraƙi sai an fara ɗaure shi.

Ta kai ni gaban uwar garke. Ja ce, ƙatuwa, ƙahonta ɗaya ya nufi Zariya, ɗayan an yi shanya a kansa. Tana tuƙa a hankali. Ta sunkuyo ta shinshina ni.

Ta ce, “Man zafi da turaren Juma’a. To, ba komai. Kira ni.”

Na gyara murya. Na sa hannu ɗaya a baya.

“Mai girma Uwar Garke, manyan shanu da ƙanana, ’yan jarida, jama’a baki ɗaya. A madadin ni kaina da iyalina…”

Ta bari na kai har godiya ga waɗanda suka shirya taron. Dudu ta leƙa ƙarƙashinta, ta girgiza kai.

Uwar garke ta ce, “Wannan ba kira ba ne, ƙaddamarwa ce. Sake.”

Na duƙa a kan gwiwa da hannu. Na tattaro abin da na sani game da kukan shanu, na saki. “Mbuuu!”

Ba don ni na yi ba, kukan ya yi kyau. Yana da tushe, yana da jela.

Ta ce, “Kukan mai bin kwangila.” Ta ci gaba da tuƙa. “Kai, tsaya. In kana neman uwarka, me kake ce mata?”

“Gwaggo.”

Duk garken ya daina tauna. Har ciyawar da ke reto ta tsaya.

Dudu ta ce musu, “Ɗan fari ne.”

Shanun suka haɗa baki, “Allah sarki.”

Uwar garke ta ce, “Ita kuma me take ce maka?”

“Wannan.”

“To ai kun dace da juna.” Ta kaɗa jela. “Saurara, Wannan. Tun da aka halicci shanu, babu saniyar da ta taɓa sakin nono don an ce mata Gwaggo. Ni ba sai ka kira ni ba. Ka kira taka, in ji, ya ishe ni. Amma da sunan da ’ya’ya ke kira.”

Na miƙe, na kaɗe gwiwa. Na yi mata bayani cikin ladabi. Na ce wannan abu ne na kunya, mun gaje shi, kuma ya riƙe mu lafiya. Na ce ni mutum ne mai furfura, ina da surukai, ana gaishe ni a masallaci. Na ce in na faɗi kalmar nan, ina zan sa idona? Ita kuma ina za ta sa nata?

Ta ce, “Ni dai nawa idon yana nan inda yake. Nonona ma haka.”

Sai Babban Sakatare ya fito daga bayan wata bukka yana tauna ragowar hulata. Ya ce, “In aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa. Akwai wanda ya nuna sha’awa daga ƙauye. Sai mu mayar da kai muƙaddashinsa.”

Daga ƙasa muryar Sallau ta taso. Na je bakin rufin na leƙa. Tashar tana nan daidai ƙarƙashinmu, kusa ƙwarai, kamar in miƙa hannu.

“Inna, shigo mana. Inna, kawo jakar. Inna, ga wajen taga. Inna, kin zauna daidai?”

Haka yake zubo da ita, Inna, Inna, kamar mai ɓare gyaɗa. Shi ba ta taɓa yi masa tsada ba.

Direba ya tayar da mota. Gwaggo tana wajen taga, ’yar ƙarama, ɗankwalinta ya zamo gefe ɗaya. Ban san ta ƙanƙance haka ba. A kan bencin da ta tashi, ga ledar magungunanta an bari, iska tana kaɗa ta. Tana kallon gabas, tana kallon yamma, tana kallon mai sayar da rake. Ko’ina take kallo ban da inda nake, wanda da haka na san ni take kallo. Tun ina yaro haka take kallona.

Motar ta fara tafiya. Da baya take tafiya, amma nisa take yi.

Ban yanke shawara ba. Ina so a san wannan, domin ni mutum ne da ba ya yin abu sai ya yi shawara. Bakina ne ya buɗe.

“Inna!”

Muryar ba ta mai ritaya ba ce. Daga can ƙasan tuwo ta fito, wani wuri da ban san ina da shi ba. Fil ɗin Uwani ya yi tsalle ya tafi.

“Innaaa!”

Uwar garke ta saki wani dogon numfashi. Sai nono. Ba ita kaɗai ba, duk garken. Ya fito fari tas, da tururinsa, kuma da yake ƙasar haka take, sama ya nufa. Zare-zare farare suna tashi ta ko’ina, suna ratsa ciyawa, ƙamshi ya cika rufin.

Na ɗauki ƙwaryata na tara yadda aka koya mana tun muna yara, baki sama. Madara tana wuce ni ta dama, tana wuce ni ta hagu. Na ƙara miƙa hannu. Na bi wani zare da gudu, na tara a ƙarƙashinsa, ya tafi abinsa. Dudu ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki don dariya. Ga madarar duniya ta samu ta dalilina, ƙwaryata kuwa ko laima babu.

Sai murya ta fito daga tagar bas, wadda ta tsaya cak a tsakiyar hanya.

“Uwani! Gaya wa wannan ya kifa ƙwaryar!”

Uwani tana gefena, ban san lokacin da ta hau ba. Ta ce, “Malam, ta ce ka kifa.”

“Na ji.”

Na kifa ta a kan zaren da ke tashi daga uwar garke. Nan da nan na ji tana cika daga ciki, tana turo hannuna sama, da ɗumi kamar an ɗora min jariri. A ƙasa gari ya ɗauka. Masu fura sun kifa ƙorensu, mata sun kifa kofuna, zabuwar kanti ta tashi sama da kwalabe a ƙarƙashin fiffike, bakinsu ƙasa. Tsohon daraktana yana tsalle da kofin robarsa.

Na kai baki zan ɗanɗana, Dudu ta fizge igiyata.

“Kai, Kaɗo! Maraƙi ba ya sha ya ƙoshi. Shi kira ne nasa. In nono ya zo, sai a ja shi gefe.”

Na ce ba komai, na saba. Haka muka yi aikin gwamnati.

Ta ɗaure ni a ƙafar uwar garke ta gaba, yadda ake yi. Saniyar ta sunkuyo ta fara lasar sanƙona. Harshenta kamar soson ƙarfe. Ta lasa daga goshi zuwa ƙeya, ta dawo, ta sake. Wannan shi ne ladan maraƙi, kuma ina gaya muku, na karɓi takardun yabo a rayuwata, masu hatimi ma, babu wadda ta kai shi.

Dudu ta kwance ni. Saniyar ta ce, “Je ka, kada ta huce.”

Ban bi ta lif ba. Ƙwaryar tana jan sama, ni tumbina yana jan ƙasa, sai muka daidaita a tsakiya. Na taka bakin rufin na sauko a hankali, ina lilo, hannu biyu a sama, fata a buɗe, ƙararrawa tana kaɗawa. Duk gari ya ɗaga kai. “Ran maraƙi ya daɗe!” Na sauka a gaban bas ɗin a kan ƙafafuna, ko tangaɗi ban yi ba.

Sallau yana tsaye a bakin ƙofa. Na ce, “Matsa.” Ya matsa.

Na riƙe wa Gwaggo ƙwaryar a kife a saman fuskarta. Ta ɗaga kai ta sha daga ƙasa. Ta sha sosai, maƙogwaronta yana motsi. Ba ta dube ni ba. Ta goge baki da gefen mayafi, ta juya wajen Sallau.

“Sauke min jakar.”

Na jira dariyar nan. Ba ta zo ba.

Sai ta ciro wani cokali daga cikin ɗankwalinta, ta miƙa hannu sama, ta fara juya sauran madarar. Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Na yi tunanin ƙwarya ba ta irin wannan ƙara. Ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Cokali ne a kofin silba. Gari ya waye, haske ya shigo ta labule. Uwani tana tsaye a kaina da hannu a ƙugu.

Ta ce, “Sannu, Malam. Ka tashi gida, ka tashi maƙwabta. Har karen gidan baya ya amsa maka.”

“Me na ce?”

“Ka fi ni sani.”

Na fito falo. Gwaggo tana zaune a kan tabarmarta, ƙafa a miƙe, tana juya madarar gari a kofi. Jakar tana gefe a buɗe, zannuwan sun koma kan ƙusa. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

“Alli da ruwa,” in ji ta. Ta sake kurɓa. “Uwani, miƙo min maganin nan. Kuma ki gaya wa mai gidan nan na fasa tafiyar. Ba don komai ba, an ce hanya ba kyau.”

“To, Inna.”

“Ki kuma ce masa ya rage kiraye-kiraye cikin barci. Mutum da furfurarsa.”

Uwani ta ce, “Wa yake kira ne, Inna?”

“Oho. Wata ce dai.”

Na durƙusa. “Ina kwana, Gwaggo.”

“Lafiya lau,” ta ce wa bango. Cokalin ya ci gaba da ƙwal-ƙwal, ko da yake babu sauran abin da bai narke ba.

Yanzu zan ɗauki makullin mota in sake zagaya kantunan, ko Allah ya sa an kawo. Na san abin da za su ce min, kuma na san Alhaji za su kira ni. Ba zan gyara musu ba. Ainihin muƙamina ba na faɗa a kanti ba ne.